Tarihin sukurun da likita ke ɗaura wa karyayyen ƙashi 🧵

1/ Zaren yau kan tarihin sukurun tiyatar ƙashi ne. Eh, sukuru, ɗan uwan wanda kafinta ke ɗaura wa ƙofa. An kwashe shekara sama da 130 ana gyara siffarsa, saboda tambaya guda: me ke sa ya riƙe ƙashi, me ke sa ya saki? Zaren na da tsawo, ku gyara zama.

2/ Ga dalilin kawo maganar. Daga Darna Sabon Gari zuwa cikin Illela, zuwa Ƙonni, rayuwarmu kan babur take. Kabu-kabu, kaya, jarkoki, mutum uku kan mashin ɗaya, balle ranar kasuwa. Karaya ba baƙuwa ba ce. Amma da likita ya ce "sai an sa ƙarfe", sai dangi su naɗe tabarma su gudu da majinyaci. Tsoron abin da ba a sani ba ne. To bari mu san shi.

3/ Mu fara da abu ɗaya, ku riƙe shi har ƙarshe: sukuru ba ya warkar da ƙashi. Ƙashi da kansa yake haɗewa, da ikon Allah, in jini na isa wurin kuma guntayen sun zauna daidai. Aikin karan mai ɗori, da filastar asibiti, da sukuru duk ɗaya ne, wato riƙo. Bambancin shi ne sukuru daga ciki yake riƙewa.

4/ Kafin a iya sa ƙarfe a jiki sai da abubuwa uku suka samu. Maganin sa barci a 1846. Hanyar kashe ƙwayoyin cuta da Joseph Lister ya wallafa a 1867. Sai hoton ƙashi, da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Kafin nan, buɗe karaya da wuƙa kusan sa hannu ne kan takardar yanke ƙafa ko ta mutuwa.

5/ 1886, birnin Hamburg na Jamus. Likita Carl Hansmann ya nuna farantin ƙarfe da ake ɗaurewa kan ƙashi da sukurori. Sai dai sukurorinsa dogaye ne, kawunansu na leƙowa waje ta fata, don a kwance su bayan 'yan makonni. Ka ga an bar wa ƙwayoyin cuta ƙofa a buɗe har cikin ƙashi kenan.

6/ A Landan, William Arbuthnot Lane na asibitin Guy's ya fara ɗaure karayar ƙwauri da sukuru a shekarun 1890. Shi ya tsananta tsabta: hannu ba ya taɓa ciwo, komai da dogayen kayan aiki. A 1907 ya fito da farantinsa. Amma sukurorin da yake sawa siffar na katako gare su.

7/ Nan matsalar take. Sukurun katako tsini gare shi, yana kauri yana hawa. Katako na da sassauci, zaruruwansa na matsawa gefe su rungume shi. Ɓawon ƙashi kuwa tauri gare shi kamar tangaran. In ka cusa masa abu mai tsini, ko ya tsage, ko wurin ya narke a hankali sukurun ya fara girgiɗi.

8/ A Beljiyam akwai Albin Lambotte, likita a birnin Antwerp. Shi ya raɗa wa wannan fanni sunan ostiyosintesis, ma'ana haɗa ƙashi. Mutumin maƙeri ne na gaske, da hannunsa yake ƙera kayan tiyatarsa, kuma ya sassaƙa gogen Turawa sama da ɗari a rayuwarsa.

9/ A 1906 ya gwada farantin maganiziyom, ƙarfen da jiki ke iya narkarwa, ya ɗaure shi da sukurorin baƙin ƙarfe a ƙafar wani matashi. Cikin kwanaki farantin ya ruɓe, iska ta taru ƙarƙashin fata. Dalili: ƙarfe iri biyu cikin ruwan gishiri batir ne. Jikin mutum kuma ruwan gishiri ne mai ɗumi.

10/ Sai Amurka. William O'Neill Sherman likitan kamfanin ƙarfe na Carnegie ne a Pittsburgh. Kullum ana kawo masa leburori da karaya, kuma yana ganin farantai na karyewa a jikinsu. Tunda injiniyoyi na kusa da shi, sai ya zauna da su. A 1912 ya fito da faranti da sukuru na ƙarfe mai haɗin banadiyom.

11/ Sherman ya watsar da siffar sukurun katako, ya ɗauko ta sukurun inji: kauri ɗaya daga sama har ƙasa, ga 'yar tsaga a baki da ke yanka wa haƙoran hanya yayin shiga. Haƙora nake nufi da wannan murɗaɗɗen layin da kanikawa ke cewa tiredi. Riƙo ya ƙaru. Amma ƙarfen nasa ma ya riƙa cinyewa a jiki.

12/ Maganin cinyewar ya zo a shekarun 1930. Charles Venable da Walter Stuck a San Antonio ta jihar Texas sun nuna da gwaji cewa wutar batir ɗin nan ce ke cin ƙarfe, ta kashe ƙashin da ke kewaye da sukuru. Suka kawo Vitallium, haɗin da masu gyaran haƙori ke amfani da shi. Daga baya ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L da titaniyom suka mamaye fagen.

13/ Yanzu mun zo kan mutumin da ya canja siffar sukurun kansa: Robert Danis, shi ma ɗan Beljiyam. Littafinsa ya fito a 1949. Tunaninsa mai sauƙi ne: sukurun inji an yi shi ne don ƙarfe ya kama ƙarfe, ƙarfinsu ɗaya. Amma nan ƙarfe ne zai kama ƙashi, wanda bai kai shi ƙarfi ba ko kusa.

14/ Ku gane wannan. In aka fizgi sukuru daga ƙashi, ba haƙoran ƙarfen ke karyewa ba. Ƙashin da ya shiga tsakanin haƙoran ne ke yankewa, ya fito a manne da su kamar gari. Kenan ƙarfin riƙo na ƙashi ne, ba na ƙarfe ba. Sukuru mai kyau shi ne wanda ya kama ƙashi da yawa.

15/ Gyara uku Danis ya yi. Na ɗaya: ya zurfafa haƙoran. A sukurun masana'antu faɗin waje da na sandar ciki 4 ne bisa 3, shi ya mai da shi 3 bisa 2. Na biyu: ya sirance haƙorin ƙarfen, ya bar fili mai yawa tsakani, don ƙashin da zai zauna ciki ya yi kauri.

16/ Na uku: ya canja siffar haƙorin. Na inji kamar harafin V yake, gangare ta gefe biyu, in aka ja shi yana tura ƙashi gefe yana buɗa ramin. Na Danis gefen da ke ɗaukar nauyi kusan a miƙe yake kamar matakala, ɗaya gefen ne ke da gangare. In aka ja, ƙashi yake dannawa, ba ya buɗa shi.

17/ A 1950 wani matashin likita daga Suwizalan, Maurice Müller, ya ziyarci Danis a Brussels, ya ga majinyata na motsa gaɓa ba filasta. Ya koma gida da abin a ransa. Ran 6 ga Nuwamba 1958, likitoci 13 suka haɗu a garin Biel suka kafa ƙungiyar AO. Cikinsu da Martin Allgöwer, Hans Willenegger, Robert Schneider da Walter Bandi.

18/ Müller ya samo wani mai ƙaramar masana'anta, Robert Mathys na garin Bettlach, suka tsara kaya saiti guda: sukuru, faranti, bakin huda, abin yanka haƙori, sukundireba mai kusurwa shida. Kowanne da awonsa, kowanne ya dace da ɗan uwansa. Har yau awon da suka tsayar ake koyarwa a duniya.

19/ Ga awon. Sukurun ɓawon ƙashi na manyan ƙasusuwa: faɗin waje milimita 4.5, sandar ciki kusan 3, tazarar haƙori 1.75, ana huda masa rami da baki mai 3.2. Ku lissafa 4.5 bisa 3. Ya ba ku 3 bisa 2, daidai abin da Danis ya faɗa.

20/ Amma ƙashi ba iri ɗaya ba ne. Duk wanda ya taɓa tauna kan ƙashin rago ya sani: tsakiya bututu ne mai tauri da ɓargo ciki, kan kuwa soso ne. Sukurun sashen soso daban yake: faɗin waje 6.5, sandar ciki kusan 3, tazarar haƙori 2.75. Haƙora masu fiffike, kamar turken da ake son ya kama cikin yashi.

21/ A 1996 Chapman da abokan aikinsa suka wallafa gwajin fizgar sukurori daga wani soso na roba mai kama da ƙashi. Lissafin da suka tabbatar ya rataya kan abu huɗu: ƙarfin ƙashin kansa, tsawon haƙoran da suka shiga, faɗin waje na sukurun, da zurfin haƙori idan aka gwada shi da tazararsa.

22/ Mu gwada. Ƙashi ɗaya, tsawo ɗaya, ka sa mai 6.5 a madadin mai 4.5. Daga faɗi kawai riƙo ya ƙaru da wajen kashi 44 cikin 100. Ka ninka tsawon da ya shiga, riƙo ya ninka. Shi ya sa a ƙwauri ko cinya likita ke son sukuru ya ratsa ɓawon kusa, ya haye ɓargo, ya kama ɓawon can ƙetare.

23/ Wannan gwajin ya nuna wani abu kuma. In ka fara yanka wa haƙora hanya a ƙashi mai soso kafin sukuru ya shiga, riƙo na raguwa da wajen kashi 8 cikin 100, don ka kwashe abin da zai kama. Gara sukurun ya danne sosan da kansa, ya cunkusa shi. A ɓawo mai kauri kuwa dole a yanka hanyar, ko da wani ƙarfe daban ko da bakin sukurun.

24/ To me zai hana a yi ta zurfafa haƙori? Saboda kowane zurfi daga jikin sandar ciki ake cire shi, ita kuma sandar ce ke hana sukuru karyewa. Ƙarfinta wajen lanƙwasa kaurinta ne sau kansa sau kansa. Daga milimita 3 zuwa 4 ƙarfin ya haura ninki biyu: 64 bisa 27. Riƙo da juriya kishiyoyi ne, dole mai ƙira ya raba musu kwana.

25/ Dabara ta gaba: yadda sukuru ke matse guntaye biyu. Likita zai huda guntun kusa da baki mai 4.5, sukurun ya wuce salin alin bai kama ba. Guntun nesa a huda shi da 3.2, haƙora su kama. Da an murɗa, kan sukurun ya danno na kusa, haƙora su jawo na nesa, karayar ta rufe gam. Da duka biyun ya kama, da giɓin na nan yadda yake.

26/ A 1969 AO ta fito da farantin da Stephan Perren da abokansa suka yi aiki a kai, mai ramuka masu gangare. Kan sukuru na sauka yana zamewa kan gangaren, sai ya tura ƙashin zuwa wurin karaya. Murɗawa ƙasa ta koma matsewa a kwance. Siffar kan sukuru ma aiki take yi, ba ado ba ce.

27/ Sai Timothy Herbert a Sydney ta Ostareliya, da rahotonsa na 1984. Sukurunsa ba shi da kai sam. Haƙora gaba, haƙora baya, amma tazarar na gaba ta fi ta na baya. Kowane juyi ɗaya, gaba na tafiya fiye da baya, sai guntayen su matso juna. Ya nutse duka cikin ƙashi, ba abin da zai goge gaɓa.

28/ Don wani ɗan ƙashi na wuyan hannu, gindin babban yatsa, aka ƙera shi. Shi ne mai karyewa in mutum ya faɗo daga babur ya tokare da tafin hannu. Sau da yawa targaɗe ake ɗauka, a ja a murza. Jini kaɗan ke isa wannan ƙashin, in bai haɗe ba wuyan hannun na lalacewa a hankali. Ciwo a wurin bayan faɗuwa hoto yake so.

29/ Saura matsalar tsofaffi. Faranti na gargajiya yana zama ne don sukurori sun danne shi kan ƙashi. In ƙashin ya zaizaye, sukuru na farko ya yi girgiɗi, na biyu ya bi, ɗaya bayan ɗaya har farantin ya tashi. A shekarun 1990 aka fara gwada mafita, wajen 2000 ta bazu: faranti mai kulle.

30/ Kan sukurun shi ma haƙora gare shi, yana murɗewa ne cikin ramin farantin. Faranti da sukurori sun zama abu guda, kamar manjagara da haƙoranta. Ba wanda zai karkata shi kaɗai, sai dai su fita gaba ɗaya. Tunda riƙon bai rataya kan fizga ba, sai aka mai da haƙoran ƙanana, sandar ciki ta yi kauri. Amma fa ya fi tsada, kuma ba kowace karaya ke buƙatarsa ba.

31/ Hannun likita ma na cikin lissafi. Bincike na 1983 na Eriksson da Albrektsson ya nuna zafin digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya lahanta ƙashi. Shi ya sa ake zuba ruwa yayin huda, ake son baki mai kaifi. Kuma in aka murɗa ya wuce kima, haƙoran ƙashin su cinye. Wani nazari na 2020 da ya tattara gwaje-gwaje ya samu kusan sukuru ɗaya cikin huɗu haka ta same shi.

32/ Mu dawo gida. Asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ya fara a 1945. Na Dala a Kano an buɗe shi a 1959, shekara guda bayan kafa AO. A 1979 doka ta haɗa su da na Inugu ƙarƙashin hukuma ɗaya ta tarayya. Mu nan, mafi kusa su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko. A ƙetaren iyaka, gabas da Ƙonni, akwai asibitin Galmi tun 1950.

33/ Daga Illela zuwa Sakkwato tafiyar sama da kilomita 80 ce, da karyayyar ƙafa a bayan mota, ga kuɗin hoto, ga na ƙarfe, ga na jinya. Mai ɗori kuwa ga shi nan kusa, an san gidansu, sadaka ko ɗan abin da ya sawwaƙa. Duk wanda ya ce jahilci kaɗai ke kai mutane wurinsa bai taɓa biyan kuɗin tiyata ba.

34/ Talauci ma ya shiga zanen ƙarfen. A 1999 likita Lewis Zirkle a Amurka ya kafa SIGN, suka ƙera sandar da ake zurawa cikin ɓargo a kulle ta da sukurori sama da ƙasa, ba tare da injin hoto mai tsada a ɗakin tiyata ba. Kyauta suke bai wa asibitocin ƙasashe matalauta. Ƙira ce da ta yi la'akari da inda za a yi aikin.

35/ Ɗori gado ne, kuma karaya da yawa, wadda ba ta goce ba, fata ba ta fashe ba, riƙon waje ya ishe ta. Asibiti ma filasta yake sa mata. Amma akwai waɗanda kara ba ya iya riƙewa: wadda ta shiga cikin gaɓa, ta wuyan ƙashin cinya a kwatangwalo, ta ƙasusuwa biyu na hannun babba in sun goce, da wadda ƙashi ya huda fata.

36/ Kuma don Allah ku riƙe wannan: in an ɗaure, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun yi sanyi, sun mutu, ko launinsu ya canja, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. Tsokar da jini ya yanke mata cikin wajen awa shida take fara mutuwa. Yawancin lokaci ba asibiti ke "son yanke ƙafa" ba, ƙafar ce ke isa bayan ta riga ta ruɓe.

37/ Ga wanda aka riga aka sa wa ƙarfe: ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasawa gaba da baya, a ƙarshe za ta tsinke. Kowane taku da ka yi kafin ƙashi ya haɗe lanƙwasa ɗaya ce ga sukurun. Tsere ake yi tsakanin warkewar ƙashi da gajiyar ƙarfe. In likita ya ce kar ka taka sai mako kaza, ba mugunta ba ce. Jin daɗin ƙafa ba shi ne haɗewa ba, hoto ne ke faɗa.

38/ Sigari da shisha na rage jinin da ke isa ƙashi, suna jinkirta haɗewa. Ciwon suga da ba a kula da shi ba ma haka. In wurin ɗinki na fitar da ruwa ko mugunya, a koma da wuri, don ƙwayoyin cuta na narkar da ƙashin da ke tsakanin haƙoran, kuma kun riga kun san shi ne riƙon gaba ɗaya.

39/ Maganganun majalisa: "zai yi tsatsa", "yana jawo tsawa", "dole a cire shi". Ƙarafan yau suna yi wa kansu wata siririyar fata da ke kare su daga cinyewa. Ba sa jawo tsawa. Cirewa kuma ba dole ba ce, da yawa da nasu suke tsufa. In yana damu, ko a jikin yaro yake, likita zai duba ya yanke shawara bayan ƙashi ya haɗe.

40/ In likita ya ce sai ƙarfe, kafin a tattara kaya ku tambaye shi abu huɗu. Me zai faru in ba a sa ba? Wane iri za a sa, akwai mai rahusa da zai yi aikin? Yaushe za a fara takawa? Yaushe za a dawo hoto? Haƙƙinku ne, kuma likitan kirki zai amsa.

41/ Nan zan tsaya. Ku tura wa ɗan kabu-kabun unguwarku da duk mai jinyar karaya a gida. Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, likitocin ƙashi da ke nan kuma ku taya mu amsawa. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.